Kash a ƙarshen Afrilu: a je kafin baƙi su cika, ko a jira ruwa ya yi ɗumi?

Alhaji na Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ƙarshen Afrilu in Allah ya kai mu zan shiga Istanbul saro kaya kamar yadda na saba, amma wannan karon da maiɗakina za mu tafi. Shekara 9 ke nan ina kai da komo tsakanin Laleli da Merter, ban san komai a ƙasar nan ba sai shagunan yadi da ofishin masu kago. Ita kuwa ba ta taɓa ganin teku da idonta ba. Na yi mata alkawarin kwana 4 a bakin ruwa in na gama da kaya. Wani Baturke da nake sayen yadi a wurinsa ya ce in bar maganar birnin Antalya, in nufi wani ƙaramin gari da ake kira Kash, mai tashar ƙananan jiragen ruwa. Sai dai ya ce a lokacin kasuwar garin ba ta gama buɗewa ba. To abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Alheri ne hakan ko asara? Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Ɗalibi a Antalya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mutumin nan ya ba ka shawarar ɗan gari. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a Antalya, na je Kash sau biyar, uku daga ciki tsakanin Afrilu da Mayu.

Abin da yake nufi shi ne, garin yana rayuwa ne da baƙi, baƙin kuma daga Yuni zuwa Satumba suke tuɗaɗowa. Da hunturu rabin otal-otal da gidajen abinci a kulle suke. Afrilu da farkon Mayu su ne tsakani, sanyi ya tafi, cunkoso bai zo ba. Za ka tarar ana fenti, ana fito da kujeru, ana kankare gindin jirage ana mayar da su ruwa. Da rana zafi bai cika wuce digiri 20 zuwa 24 ba. Mu da muka baro bazarar Kano, wannan ai ni'ima ce.

Sunan kuma kada ya dame ka, ba kash ɗinmu na nadama ba ne. A Turkanci kalmar tana nufin gira. Mutanen garin sukan ce su ne girar, tsibirin da ke gabansu shi ne idon.

Maman Ilham:
Alhaji, ni dai ba zan ɓoye maka ba, ban ba ka shawarar zuwa a Afrilu ba. Mun je da maigidana da yara biyu a tsakiyar watan, shekara biyu da suka wuce. Otal ɗin da muka kama ta intanet ya nuna mana hoton wurin wanka shar da ruwa, muna isa muka tarar da rami busasshe ana liƙa masa tayil. Ba wanda ya gaya mana kafin mu biya. Sannan muka biya kuɗin jirgin da ke kai mutane tsibirin Kekoba, kwana biyu a jere ana ɗagawa saboda iska, har muka bar garin ba mu je ba. Ilham ta sa ƙafarta a teku sau ɗaya ta fito tana kuka don sanyi. Mutum ya kashe kuɗin jirgi tun daga Najeriya, ya je ya tsaya yana kallon ruwa daga nesa? In don matarka ta ji daɗi ne, ka kai ta ɗaya daga cikin manyan otal-otal na wajen Alanya masu wurin wankan mata daban, ta shiga ruwa hankalinta kwance.

Ɗalibi a Antalya:
Anti, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Ruwan Bahar Rum a Afrilu wajen digiri 18 yake, sai Agusta yake kaiwa 28. Teku ba ya ɗaukar zafi da wuri kamar ƙasa, shi ya sa ruwan Oktoba ya fi na Mayu ɗumi nesa ba kusa ba. Iskar da ta hana ku tafiya kuma wataƙila ita ce lodos, wadda ke busowa ta kudu maso yamma tana tayar da igiyar ruwa. Amma Alhaji bai ce iyo za su je yi ba. Cewa ya yi Hajiya ba ta taɓa ganin teku ba.

Alhaji na Kwari:
Gaskiya ba iyo ba ne. Ko ruwan ya yi ɗumi kamar na shayi ba za ta shiga gaban mutane ba, ni ma haka. Mu dai mu zauna, mu gani, mu huta. Amma Hajiya Maman Ilham, maganar ɗage tafiyar jirgin nan ta tsaya mini a rai.

Ɗan Damagaram:
Barkanku dai. Ni daga Faransa nake, amma na je Kash a watan Agusta da abokan aiki. Ranka ya daɗe Alhaji, in dai da iyali ne, ka gode wa Allah da tafiyarka ta faɗo Afrilu. Abin da na gani a Agusta ba zan kai matata ba. Zafi ya haura 35, ga laima a iska, jiki na danƙo. Titin kasuwarsu, Uzun Charshi, sai ka yi kafaɗa da kafaɗa da mutane kafin ka wuce. Da daddare kiɗa daga mashaya har ƙarfe biyu. Sutura kuwa ba sai na faɗa ba, garin masu wanka ne, da kayan wankan suke shiga har kanti. Ni da nake zaune a Turai ma sai da na riƙa sunkuyar da kai. A Afrilu sanyi da kansa yake sa kowa ya rufe jikinsa.

Malam Baban Sadiq:
Wannan ita ce tambayar da nake shirin yi. Garin da aka san shi da mashaya, ina mutum zai yi salla, me kuma zai ci? Kada a ce ƙasar Musulmi ce a saki jiki.

Ɗalibi a Antalya:
Allah ya gafarta Malam, tambayar tana kan hanya. Kash ba kamar Konya ba ce, birnin da aka sani da riƙon addini, giya a fili ake sayar da ita a yawancin gidajen abinci na bakin tasha. Amma masallatai suna nan, ana kiran salla sau biyar kana ji daga ko'ina a tsakiyar gari. Akwai ɗaya dab da dandalin da ke bakin tashar. Akwai wani a kan tudu wanda asalinsa cocin Girkawa ne, daga baya aka mayar da shi masallaci, domin Girkawa sun zauna a garin kafin musayar jama'a da aka yi tsakanin Turkiyya da Girka a 1923. Mata suna da nasu ɓangaren.

Abinci kuma, ka bar layin gaba mai fitilu da farin ƙyalle a tebur, ka shiga lungu ka nemi lokanta, wato gidan abincin da ma'aikata da direbobi ke ci. Tukwane ne a jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Wake da miya, shinkafa, kaza, miyar adas. Ba giya a irin waɗannan yawanci, kuɗin kuma da sauƙi. Su ne ma ba sa rufewa da hunturu, don 'yan gari ne masu cinikinsu.

Malam Baban Sadiq:
To madalla. In haka ne ba ni da ja.

Maman Ilham:
Ni har yanzu ina da ja. Ba wanda ya yi maganar hanya. Garin nan ba shi da filin jirgi. Daga Istanbul sai ka sake hawa jirgi zuwa Dalaman ko Antalya, sannan mota. Mu ta Antalya muka bi, awa huɗu a bas, hanya kwana-kwana kamar maciji, dutse a dama, teku a hagu can ƙasa. Yarana duka biyu sai da suka yi amai. Kwana 4 ne da Alhaji, biyu sun tafi a hanya.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, ta Dalaman ya fi kusa, wajen kilomita 150, awa biyu da rabi a mota. In kuma bas ne sai an canza a Fetiye. Jirgin daga Istanbul bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Wanda ya tashi da asuba zai yi azahar a Kash.

Ɗalibi a Antalya:
Haka ne. Kuma Alhaji ku zauna ta ɓangaren dama in kuna tahowa daga Fetiye, nan ne teku yake. Bayan kun wuce Kalkan za ku ga Kaputash, wani ɗan bakin ruwa a matse tsakanin duwatsu biyu, kilomita 20 kafin Kash. Matakala 187 ake sauka. A Agusta motoci ne jere a gefen titi ba wurin ajiye ko babur, a Afrilu na taɓa sauka na tarar da mutum shida kacal.

Bari in ba ku abin da ya sa nake nacewa. Zuwana na biyu, farkon Mayu, na fita bayan sallar asuba na gangara tsohuwar tasha. Tashoshin biyu ne. Akwai sabuwar marina a wani lungun teku da ake kira Bujak, tafiyar minti 20 zuwa 25 a ƙafa daga tsakiyar gari, inda masu hali ke ɗaure jiragen shaƙatawarsu, ɗaruruwa. Akwai kuma tsohuwar da ke cikin gari, ta masunta da jiragen katako masu yawo da baƙi. Na tarar da wani dattijo zaune a kan kwandon roba da aka kife, koma a kan cinyarsa, ya maƙale bakinta da babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ta yage, kyanwoyi huɗu sun kewaye shi suna jira. Ba abin da kake ji sai igiyoyi na bugun sandunan jirage, ƙal, ƙal, ƙal. Ya ɗago ya ga baƙin mutum da hula, ya yi mini sallama, na amsa, ya kira yaron mai shayi da hannu. Mun fi rabin awa tare, Turkancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna mini tsibirin Meyis da hannu, ya nuna mini kifin da ya kamo ɗaya bayan ɗaya da sunansa. Da na koma a Yuli na neme shi, jirginsa ya koma ɗaukar baƙi, yana ta ƙwala kiran fasinja, ko gaisawa ba mu samu yi ba. Mutumin bai canza ba, lokaci ne ba shi da shi.

Uwar Biyu:
Kai ƙanena, ka sa ni ma na ji ina son zuwa. Tsibirin da kake faɗa ana iya tsallakawa?

Ɗalibi a Antalya:
Yaya, a nan ne mutanenmu ke yin kuskure. Meyis, wanda Girkawa ke kira Kastelorizo, bai fi kilomita 2 daga gaɓar Turkiyya ba, jirgi minti 20 ne daga Kash, da daddare har fitilun gidajensa kake gani. Amma ƙasar Girka ce. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai. Bizar bakin ƙofa da za ki ji ana talla ta 'yan ƙasar Turkiyya ce kawai. Sannan in bizarka ta Turkiyya ta shiga ɗaya ce, kana fita ta ƙare, ba dawowa. Alhaji ka duba taka da ta Hajiya da kyau.

Alhaji na Kwari:
Tawa ta shiga da yawa ce, tata ɗaya. Ba mu da Shengen. Za mu kalle shi daga nesa, ya isa.

Mai Son Tarihi:
Na jima ina karanta ku ban sa baki ba. Ban taɓa zuwa Kash ba, amma na san sunan tun ina jami'a saboda abu ɗaya. A 1982 wani mai nutso neman soson teku ya ci karo da wasu falankan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa kusa da wani hancin ƙasa da ake kira Uluburun, 'yan kilomitoci daga garin. Ashe jirgin fatake ne da ya nutse wajen shekara 3,300 da suka wuce. Daga 1984 zuwa 1994 aka yi ana tsamo kayansa. An samu jan ƙarfe tan 10 da kuza tan 1, daidai awon da maƙera ke haɗawa su fitar da tagulla. An samu hauren giwa, haƙoran dorina, ƙwan jimina, baƙin katako na Afirka, da wani ɗan hatimin zinariya mai sunan Nefertiti, sarauniyar Masar. Alhaji, kai da kake fatauci tsakanin Afirka da ƙasar nan, ka san hanyar ta girme ka da shekara dubbai. Kayan suna gidan tarihi na Bodrum yanzu, ba a Kash ba, amma ruwan da za ka zauna kana kallo shi ne ya haɗiye jirgin.

Alhaji na Kwari:
Allahu Akbar. Wato wani bawan Allah ya yi asarar kago tun wancan zamanin. Wallahi na ji abin a jikina, don na san yadda zuciya ke yi in aka ce kaya sun maƙale a ruwa.

Ɗalibi a Antalya:
Tunda Mai Son Tarihi ya buɗo tarihi, a cikin garin ma akwai na gani ba sai an shiga jirgi ba. Sunansa na da Antifelos, na mutanen Likiya, tsohuwar al'ummar yankin. A saman titin Uzun Charshi akwai wani kabarin dutse dogo a tsaye tsakiyar hanya, mai kawunan zaki a murfinsa, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, shaguna sun kewaye shi. In ka ɗaga kai za ka ga wasu kaburburan an fafe su a jikin dutsen da ke bayan gari. Sai dandalin kallo na dutse a yammacin gari, mai ɗaukar mutum wajen 4,000, fuskarsa na kallon teku. Ba a biyan ko sisi. Ku hau can layin sama bayan la'asar ku zauna. A ƙarshen Afrilu rana ba ta faɗuwa sai takwas saura, kuna da lokaci.

Amfanin Afrilu a nan shi ne ana iya hawa. Duwatsun nan a Yuli ko hannu ba ka iya ɗorawa da tsakar rana. Shi ya sa masu bin Hanyar Likiya a ƙafa, wadda ta fi kilomita 500 daga wajen Fetiye zuwa kusa da Antalya kuma ta ratsa ta Kash, a wannan lokacin suke zuwa. Za ku gan su da jakunkuna a baya da sanduna, suna bin alamar fenti ja da fari a jikin duwatsu.

Maman Ilham:
To ai ka faɗi wata matsalar da bakinka. Hawa. Garin a jikin dutse yake, otal da yawa sai ka hau matakala kamar za ka je sama. Maigidana mai ciwon gwiwa ne, ya sha wuya. Alhaji in ka nace sai ka je, ga abin da na koya da kuɗina. Kada ka biya sai ka rubuta musu ka tambaya ko ana gini ko gyara a otal ɗin ko maƙwabtansa, don watan gyara ne, mu da ƙarar injin yankan tayil muke tashi. Ka tambaya ko na'urar ɗakin tana hura ɗumi, dare akwai sanyi sosai. Ka nemi na ƙasa kusa da tasha. Kada ka kama a Chukurba, wancan dogon hancin ƙasa da ya shiga teku, hotunansa sun fi kyau amma ba mota ba ka zuwa ko'ina, motocin haya kuma ba su da yawa kafin baƙi su zo. Kuɗin jirgin Kekoba kuma kada ka biya tun daga gida. Ka je bakin tasha da yamma ka tambayi masu jirgin yadda gobe za ta kasance, ka sa shi a ranarku ta farko, in an ɗage kana da sauran kwanaki.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta ce kada a je, amma ita ta fi kowa ba da shawarar yadda za a je. Allah ya saka.

Maman Ilham:
Ai ba ƙin garin nake ba. Kyau kam yana da shi. Ba na so ne wata ta je da buri ta dawo da takaici kamar yadda na yi.

Uwar Biyu:
Mene ne a Kekoban da har ake wannan rububi?

Ɗan Damagaram:
Ni na je. Tsibiri ne dogo gabas da Kash, a gefensa akwai tsohon gari da girgizar ƙasa ta zamar da shi cikin ruwa a ƙarni na 2. Jirgi yana tafiya a hankali kana leƙawa, sai ka ga matakalar gida ta fito daga kan tudu ta gangara ta shige ƙarƙashin ruwa, ka ga harsashin ɗakuna. An hana iyo da nutso a wurin. Daura da shi akwai ƙauyen Kalekoy mai ganuwa a bisa tudu, da wani kabarin dutse tsaye shi kaɗai cikin ruwa. Ranar da muka je jirage sun fi ashirin a jere, kowanne da kiɗansa, ba ka ko jin bayanin mai jagora. Na riƙa cewa a raina ina ma da safiyar da ba kowa na zo.

Ɗalibi a Antalya:
In iska ta hana manyan jirage tashi daga Kash, akwai dabara. A hau mota zuwa ƙauyen Uchaz, ƙasa da awa ɗaya, a ɗauki ƙaramin jirgi daga can. Tsibirin ya tare wa wurin iska, ruwan ya fi kwanciya.

Abu ɗaya da ba a ambata ba, kuma shi ne zai iya rushe lissafin duka: ranakun hutun Turkawa. 23 ga Afrilu ranar yara ce, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 19 ga Mayu ta matasa. In ɗayansu ta haɗu da ƙarshen mako, mutanen Istanbul da Ankara sukan cika garin, kuɗin ɗaki ya tashi. Babbar Salla kuma in ta faɗo a irin wannan lokacin, wannan makon kamar Agusta zai zama. Alhaji ka saka kwanakinka tsakanin 24 da 30 ga Afrilu, ko bayan 4 ga Mayu, kuma ka yi ƙoƙari Juma'a ta same ku a can. Ranar kasuwar garin ke nan, mutanen ƙauyukan kan dutse suna saukowa da cuku da zuma da zaitun. Lokacin ɗanyen erik ne, wasu 'ya'yan itace kore masu tsami da ake ci da gishiri kamar yadda muke yi wa ɗanyen mangwaro. Mata kuma suna zaune a ƙasa suna murza gozleme, wata 'yar siririyar gurasa mai cuku ko alayyafo a ciki, suna gasawa a kan baƙin tanda.

Malam Baban Sadiq:
Kifi fa? Na ji an ce akwai mai dafi a ruwan can.

Ɗalibi a Antalya:
Akwai, Malam, amma ba a sayar da shi, doka ta hana. Shi ne wanda ke kumbura kamar balan-balan. Ta mashigin Suwez ya shigo daga Bahar Maliya, shi da wani mai ƙayoyi da suke kira kifin zaki. Na biyun ana cinsa in an cire ƙayar, har ƙarfafa wa mutane gwiwa ake yi su ci don ya rage, yana cinye ƙananan kifayen wurin. Sannan daga 15 ga Afrilu ake dakatar da manyan jiragen kamun kifi har zuwa Satumba don kifi ya hayayyafa. Saboda haka abin da za ka samu ko dai na ƙananan masunta ne, ko na kiwo. A tambayi kuɗin kilo kafin a gasa.

Alhaji na Kwari:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa maiɗakina duka, har da na Maman Ilham ban tsallake ko layi ba. Ta ce ta ji, ta yarda, a je. Za mu bi ta Dalaman. In mun dawo zan ba da labari.

Alhaji na Kwari:
Assalamu alaikum. Na zo cika alkawari. Mun je mun dawo lafiya, kwana 4, daga Laraba zuwa Lahadi.

Maman Ilham, Allah ya biya ki. Otal na farko da na rubuta wa sun amsa cewa ana gini a bayansu, na bar shi. Wanda muka kama yana ƙasa, minti biyar zuwa masallaci. Sanyin dare kuwa kin yi gaskiya, sai da na saya mata rigar sanyi a kasuwar Juma'a. Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwan sama da iska, jirage ba su tashi ba, muka yini tsakanin ɗaki da wani shagon shayi. Ban ji daɗin ranar ba, na ce a raina ga abin da aka gaya mini. Asabar gari ya washe muka je Kekoba, mu tara ne a jirgin da aka ce yana ɗaukar arba'in. Shaguna da dama a Uzun Charshi ba su buɗe ba, wasu ana jera kaya. Wani mai sayar da darduma ya zaunar da mu ya ba mu shayi, da ya ji sana'ata sai hira ta koma kan zare da rini, muka fi awa ba wanda ya yi maganar ciniki.

Ɗalibi, na nemi dattijonka a tasha da asuba. Masu ɗinkin koma uku na gani, ban san wanne ne ba, na gaishe su duka.

Ranar da muka isa, kafin magariba muka hau dandalin dutsen nan. Ba kowa sai wasu tsofaffin Turawa biyu da wani kare kwance. Muka zauna a layin sama. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana kallon ruwan har inda ya haɗu da sama, sai na ji tana karanta ayar nan ta jiragen da ke gudana a teku da abin da ke amfanar mutane. Ta ce tun tana Islamiyya ta haddace ta. Ranar Juma'a da sassafe muka je Kuchuk Chakil, ɗan bakin ruwan tsakuwa da ke cikin gari, ba mutum ko ɗaya. Ta cire takalmi ta tattare zaninta ta shiga har idon sawu. Ta ce sanyin kamar ruwan randa da hunturu, amma ta ƙi fitowa sai da na ce za mu makara kasuwa.

Maman Ilham:
Masha Allah, na taya ta murna wallahi. Ka gaishe ta. Ka tura mini sunan otal ɗin ta akwatin sirri, maigidana ya ce in dai ba matakala zai sake gwadawa, amma mu sai Oktoba saboda yara.

Ɗalibi a Antalya:
Anti, ku sa shi farkon watan, kafin ruwan sama ya fara. In kun tsayar da rana ku sanar da ni, zan tarye ku a tashar bas.